Hoto da Ginin Ƙasa: Sharhi a kan Ɗaukar Masallatan Karkara, da Misali daga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi kudu, ta ratsa ƙasar Kurfi ta dire Dutsin-Ma, ba zai rasa lura da duwatsun da suka ɓullo daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba, kowane a tsaye shi kaɗai kamar wanda aka ɗauko daga wani wuri aka ajiye. Garin Dutsin-Ma ma daga irin wannan dutse ya samo sunansa. A gindin duwatsun nan, da kuma tsakanin gonakin gero da dawa, akwai ƙauyuka da unguwanni, kowane da masallacinsa, wani ma da biyu ko uku. A da dukansu da ƙasa aka gina su. A yau kuwa waɗanda ke bakin titi galibi na bulo ne da siminti da rufin kwano, sai mutum ya bar kwalta ya shiga lungu kafin ya tarar da masallacin tubali mai indararo, wanda har yanzu ake salla a cikinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan yadda masu ɗaukar hoto suka saba ɗaukar irin waɗannan masallatai, watau abin da suke sawa a cikin hoto, da abin da suke fitarwa, da kuma abin da suke rubutawa a ƙarƙashinsa. Ginin ƙasa idan ya rushe ƙasa yake komawa, ba ya barin kango mai daɗewa irin na ginin dutse. Saboda haka nan gaba kaɗan ɗalibin da ke son sanin yadda kakanninsa suka tsara wurin ibadarsu ba shi da madogara sai hoto. In hoton ya karkace, saninsa ma ya karkace ke nan, kuma babu inda za shi ya gwada. Domin a ga girman al'amarin sosai, za a fara da wata ƙasa mai nisa, wadda ta riga ta bi wannan hanya, ta ga amfaninta, ta kuma ga illarta.

Majami'un katako na ƙasar Norwe

A yammacin ƙasar Norwe, a arewacin Turai, teku ta kutsa cikin ƙasa ta wasu dogayen mashigai masu zurfi tsakanin duwatsu, waɗanda mutanen can suke kira fiyod. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya haura kilomita 200. A saman duwatsun akwai daskararriyar ƙanƙara wadda ba ta narkewa rani da damina, har da Jostedalsbreen, wadda ta fi kowace girma a nahiyar Turai in an cire tsibirai na gefe. A bakin waɗannan mashigai da cikin kwazazzabai ne mutanen ƙauye suka gina majami'unsu da zallar katako, musamman a ƙarni na 12 da na 13. Masana sun ƙiyasta cewa an gina aƙalla 1,000. Waɗanda suka rage a ƙasar yanzu 28 ne. Mafi tsufa a cikinsu ita ce ta Urnes, wadda aka gina wajen 1130 a bakin wani reshe na Sognefjord, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Ba tsufa kaɗai ya cinye sauran ba. A 1851 aka yi doka cewa kowace majami'a lalle ta iya ɗaukar kashi 3 cikin 10 na jama'ar yankinta. Tsofaffin majami'un ƙanana ne, ga duhu, ga sanyi, sai ƙauyuka suka dinga rushe su suna gina sababbi masu faɗi da tagogi. Mai karatu da ya san yadda kwamitin masallaci yake kallon tsohon masallacin ƙasa idan sahu ya fara fita waje ran Juma'a, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Abin da ya ceci 'yan kaɗan ɗin da suka tsira shi ne zane, daga baya kuma hoto. Wani mai zane ɗan ƙasar, Johan Christian Dahl, ya buga zane-zanen majami'un Borgund da Urnes da Heddal a 1837, shekara biyu kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto. Shi ne kuma ya sayi majami'ar Vang da aka yi niyyar rushewa, aka kwance ta aka kai ta wani gari da ke cikin ƙasar Folan a yau, aka sake haɗa ta, aka buɗe a 1844. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar adana kayan tarihi ta Norwe, wadda daga baya ta mallaki Borgund da Urnes. Da kyamara ta zo, masu ɗaukar hoto irin su Knud Knudsen na birnin Bergen, da Axel Lindahl, da Anders Beer Wilse, suka cika Turai da hotunan mashigan teku da ƙanƙara da majami'u, har wanda bai taɓa taka ƙasar ba ya san siffarsu.

Amma fa akwai wani gefe na labarin wanda masu yabon hoto ba su cika ambata ba. Majami'ar Borgund, mai rufi hawa-hawa da kawunan dodanni a tsororuwarta, ita ta fi kyau a hoto, sai ta zama ita ce ma'aunin sauran. A shekarun 1880, da aka zo gyaran majami'ar Hopperstad, da ta Gol wadda aka ɗauke zuwa babban birni, da ta Fortun wadda aka kai Fantoft kusa da Bergen a 1883, duk sai aka yi musu ƙari da kwaskwarima bisa siffar Borgund. Watau hoto ya tashi daga ba da labarin gini, ya koma yana faɗa wa gini yadda zai kasance. Daɗin daɗawa, hoton da ya shahara shi ne na majami'a ita kaɗai, ruwa a gabanta, dutse mai ƙanƙara a bayanta, babu ko mutum guda. Wanda ya kalle shi ba zai san cewa baƙin da ke jikin katakon kwalta ce ta itace, wadda dole a riƙa shafawa a kai a kai in ana son ginin ya tsaya ba. Mai shafa kwaltar, wanda shi ne ainihin dalilin wanzuwar ginin, ba ya cikin hoto. Duk da haka, da aka ƙona majami'ar Fantoft a 1992, awo da hotuna ne suka taimaka aka sake gina ta, aka gama a 1997. Hoto ya yi rana, ya kuma yi ɓarna, a kan gini guda.

Masu awo da masu neman kyau

A ƙasar Hausa, aikin da ya fi nauyi a wannan fanni shi ne na Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya fara aiki da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya rasu a 1982. An buga littafinsa, An Introduction to Nigerian Traditional Architecture, cikin juzu'i uku a 1990, juzu'i na farko a kan Arewa. Hanyarsa ita ce a auna gini ƙafa da ƙafa, a zana shimfiɗarsa da tsayuwarsa, sa'an nan a ɗauki hoto domin ya tabbatar da zanen. Hoto a wurinsa bawan awo ne. Ba mai daɗin kallo ba ne kullum, amma ana iya gini da shi, kuma an yi: a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos akwai kwafin Masallacin Juma'a na Zariya. Littafin J. C. Moughtin, Hausa Architecture, na 1985, shi ma wannan tafarki ya bi, ya ƙara da bayanin yadda tsarin gari da tsarin gida suke da nasaba da zaman iyali.

Bashin da ke kan ɗalibin al'ada ga waɗannan mutane biyu ba ƙarami ba ne. Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), an lulluɓe shi da sabon gini na siminti a shekarun 1970, an bar tsohon ɗakin salla a ciki, amma siffarsa ta waje ta sake gaba ɗaya. In ba don awo da hotunan da aka yi kafin lokacin ba, da sai dai a ji a bakin tsofaffi. Tsohon masallacin Juma'a na Kano kuwa, na ƙasa, an maye gurbinsa da sabo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Inda za a yi musu gyara shi ne wajen zaɓe. Nauyin aikinsu a ƙasar Hausa ya rinjaya ne ga birane masu ganuwa, da fadodin sarakuna, da gidajen masu sarauta da attajirai, da aikin manyan gwanaye. Ba laifi ba ne mutum ya fara da mafi girma, amma sakamakon shi ne irin na Borgund. Zanko, da zanen dagi a goshin zaure, da ɗaurin guga mai tsawo, su suka zama ginin Hausa a idon duniya, har ma a idon Hausawan da suka yi makaranta. A yau ana liƙa zankon siminti a kan otal da ofis, a ce an yi gini na gargajiya. A jihar Katsina hasumiyar Gobarau ce ta ɗauke hankali duka, ita ce a kalanda, ita ce a bangon littafi, alhali siffar da ake gani yanzu ta biyo bayan gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944), kuma baka ta nuna cewa a da ta fi haka tsawo. Masallacin ƙauye, mai ginshiƙi biyu ko huɗu, marar zane, wanda magini manomi ya ɗora da rani bayan an gama shigar da amfanin gona, bai sami shiga wannan ma'auni ba, sai aka ɗauke shi a matsayin ginin birni wanda ya kasa.

Rukuni na biyu su ne masu neman kyau. Sebastian Schutyser, ɗan ƙasar Beljiyam, ya zagaya fadamar kogin Kwara a ƙasar Mali ya ɗauki masallatai fiye da 500, ya fitar da zaɓaɓɓu a littafinsa Banco a 2003. James Morris, ɗan Birtaniya, ya fitar da Butabu kusan lokaci guda, ya haɗa har da gine-ginen Nijar da Nijeriya. Dole a yaba wa Schutyser, domin shi ƙauye ya nufa, ya ba ƙaramin masallaci girman da ake ba babba. Sai dai hotunansa da suka yi suna baƙi da fari ne, ginin a tsaye tsakiyar hoto, fili ya yi tsit. Kyan da ke cikinsu ba abin musu ba ne. Abin tambaya shi ne, kyan mene ne? Mai kallo a Turai yana ganin gunki ne da aka sassaƙa, abin da za a rataya a bango. Launin ƙasa, wanda shi ne farkon abin da magini yake dubawa ya gane daga wane kududdufi aka haƙo ta da abin da aka haɗa ta da shi, ya tafi. Takalma a bakin ƙofa, da butoci, da randar alwala, da allunan almajirai a jingine, da lasifika a kan rawani, waɗanda su ke nuna cewa masallaci ne ba rumbu ba, su ma yawanci babu su. An ɗauki masallaci kamar yadda aka ɗauki majami'ar Urnes, an manta cewa ita Urnes tun ƙarni na 19 ta tashi daga majami'ar yau da kullum ta koma kayan tarihi, shi kuwa masallaci sau biyar yake cika a yini.

Abin da hoto guda ba ya iya faɗa

Ga inda kwatancin Norwe yake tsayawa. Katakon Urnes da ake gani yau shi ne wanda aka sara kusan shekara 900 da suka wuce, kwalta fata ce kawai a kansa. Ginin ƙasa ba haka yake ba. Magini yakan jera tubali, watau curin ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya, kansa a sama, ya cika tsakaninsu da kwaɓi, bango ya fi kauri a gindi ya dinga sirancewa zuwa sama. Ya yi rufi da azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa ake yin tauyi a kan bango ko ginshiƙi don a rage tazarar, shi ya sa kuma gwanaye suka ƙago bakan gizo, inda ake ɗaure azara ɗaya bisa ɗaya a cikin ƙasa har su haɗu a sama. A bisa azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo. Sa'an nan a yi yaɓe, mai hali ya sa makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara.

Duk wannan fata ta waje ruwan sama yana cinta kowace shekara. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi damina takan kama sosai daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce mafi nauyi, kuma hadari galibi daga gabas yake tasowa, watau bangon alƙibla ne yake fara shan duka. Da kaka ta yi sai jama'a su fito a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe. Shekara goma ana haka, kusurwoyi su yi laushi, bango ya yi ƙiba, zanko ya gajarce ko ya ƙaru gwargwadon hannun wanda ya taɓa shi. Saboda haka masallacin ƙasa ba shi da siffa guda da za a ce ita ce tasa. Wanda ya ɗauke shi a watan Disamba bayan sabon yaɓe, da wanda ya ɗauke shi a ƙarshen Satumba ruwa ya zaizaye shi tubali ya fito, duk gaskiya suka faɗa, kuma duk rabinta. Littattafan hotuna kusan kullum na rani suke nunawa, don lokacin ne hanya take biyuwa, lokacin ne baƙi suke zuwa. A Jenne ta ƙasar Mali, inda yaɓen babban masallacinsu na 1907 ya zama biki na shekara-shekara, an ɗauki aikin yaɓe da yawa, amma can ma don ya zama abin kallo ne. Yaɓen ƙauye, mutum shida da jaki da tulu, ba ya jan kyamara.

Ko wajen haske akwai abin lura. Alƙiblar ƙasar Katsina gabas ce da ɗan karkata arewa. Mai son ya nuna tudun mihirabi daga waje, da sawun yatsun mai yaɓe a jikinsa, sai ya zo da hantsi, lokacin da rana take shafar bangon ta gefe. Da azahar haske daga sama yake saukowa, bango ya zama fili guda ba zurfi. Da hunturu hazo yakan kashe inuwa, ginin da sama su zama launi ɗaya, dutsen da ke baya ya ɓace. Wannan ma wata jarraba ce ta musamman a wannan yanki, domin dutse yana kiran mai hoto ya ja da baya ya haɗa shi da masallaci, kamar yadda Knudsen yake haɗa majami'a da ƙanƙara. Hoton yakan yi kyau, amma masallacin ya zama ɗan ɗigo, kuma abin da ya fi daraja a ginin Hausa a ciki yake, a sama, cikin duhu. Gwanintar magini a rufi ake ganinta. Hamman Tukur Sa'ad, a kundin digirinsa na uku na Jami'ar Mishigan a 1981, ya bi wannan batu ta bakin magina su kansu, watau yadda suke gane gwani da gwaninta, kuma wannan ita ce hanyar da mai hoto ya kamata ya fara bi: ya tambayi magini ina zai tsaya.

Rubutun ƙarƙashin hoto

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Kalmar Turanci da aka saba rubutawa a ƙarƙashin waɗannan hotuna ita ce wadda ake fassarawa da taɓo ko laka, har wasu masu fassara sun fara cewa masallacin laka. Taɓo shi ne abin da ke kama ƙafa a hanya da damina. Laka ta fadama ce, yumɓu na mai ginin tukwane ne, birji shi ne mai tsakuwa da ake haƙowa, kwaɓi kuwa ƙasa ce da aka jiƙa aka tattake da ciyawa aka bar ta ta kwana. Ginin ƙasa ake cewa. Harshen da ke da waɗannan kalmomi duka ya nuna cewa masu shi sun san bambancin da ke tsakaninsu, kalma guda ta baƙo kuwa ta share wannan sani, ta kuma ɗora wa ginin ƙazanta da talauci. Ba abin mamaki ba ne yaron da ya karanta haka a makaranta ya girma yana jin kunyar masallacin unguwarsu.

Na biyu, ba a cika rubuta sunan magini ba. A hoton majami'a ko fada ta Turai, in an san mai ginin, sai an faɗe shi. A nan kuwa sai a rubuta sunan gari kawai, wani lokaci ma sunan ƙasa, kamar ginin tsirowa ya yi. Alhali a ƙauye kowa ya san wanda ya ɗora masallaci, ya san ubansa, ya san wanda ya koya masa, kuma sarautar Sarkin Magina tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Misalin Yama a jihar Tawa ta Nijar ya isa hujja. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Juma'a na ƙauyen a 1962, ya sake rufinsa da bakan gizo da tulluwa a 1975, ya ƙara hasumiyoyi a kusurwoyi huɗu daga baya, aka ba ginin kyautar Aga Khan a 1986. Don an ambaci sunansa da shekarun aikinsa, ana iya bin yadda tunaninsa ya sake cikin shekara ashirin. Masallatai nawa ne irin wannan aka ɗauka aka rubuta musu ginin gargajiya, aka rufe zance?

Hoton neman taimako

Akwai rukuni na uku na hotuna, wanda ba ya cikin littafi, amma a yau ya fi sauran yawa. Shi ne wanda matashi yake ɗauka da wayarsa ya sa a Facebook ko WhatsApp, yana roƙon masu hali su taimaka a gina wa ƙauyensu masallaci. Wannan hoto shi ma yana da nasa tsari. Ana ɗaukarsa da damina, ta gefen da ya fi zaizaya, a matso kusa da tsaga, a nuna tabarma da ta jiƙe. Shi ne kishiyar hoton Schutyser sak: wancan ya cire mutane ya bar kyau, wannan ya cire kyau ya bar bukata. Ba za a zargi mai shi ba, domin jama'ar da ke tsayuwa cikin yoyo suna da haƙƙin neman rufin da ba ya zuba, kuma yaɓe aiki ne na gayya wanda yake wuya inda samari suka tafi cin rani. Amma ya kamata a lura cewa sau da yawa wannan shi ne hoto na farko kuma na ƙarshe da za a taɓa yi wa ginin, kuma an yi shi ne don a tabbatar da cewa bai cancanci zama ba.

Wani abu ya ƙara wa al'amarin gaggawa. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-Ma, har wasu mutane suka bar gidajensu suka koma cikin gari. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma babu ginin da wannan magana ta fi kamawa kamar na ƙasa. Indararo guda ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, to damina biyu ko uku sun isa.

Masu iya wannan aiki ba nesa suke ba. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, a Katsina kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Ɗalibin Hausa ɗan ƙauyen yana da abin da Dmochowski da Schutyser ba su da shi. Yana iya neman izinin liman da mai unguwa ba tare da tafinta ba, ya san lokacin da ba a ɗaga kyamara, ya san dattijon da ba ya son a ɗauki fuskarsa saboda fahimtarsa ta addini, yana kuma iya komawa sau huɗu a shekara. Abin da ake bukata daga gare shi kaɗan ne: gini guda a ɗauke shi da bazara da damina da kaka da rani, ciki da waje, da mutum a tsaye don a gane tsawo, a rubuta rana, da sunan magini, da sunan kowane sashe kamar yadda mutanen wurin suke kiransa, domin ba lalle ne kalmar Kano ko ta Zariya ta zama ita ce ta Katsina ba.

Ba kuma dole ba ne sabon masallaci ya ci tsoho. A Borgund, da doka ta tilasta musu, sabuwar majami'a suka gina a gefe a 1868, suka bar tsohuwar. A Dandaji ta Nijar, a aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018, an gina sabon masallaci, an gyara tsohon na ƙasa an mai da shi ɗakin karatu. A yawancin ƙauyuka kuwa fili guda ne, kuma a kansa ake son sabon ginin. Ranar da kuɗi suka cika, rufi ake fara cirewa, don azara tana da tsada yanzu da giginya ta yi ƙaranci, ana zare ta a sayar ko a kai wani gini. Aikin yini guda ne. Mai son ya ɗauki tauyi da bakan gizo na masallacin ƙauye, sai ya iso tun kwamiti yana kan karɓar gudummawa.